Tambaya da Amsa: Kwantena Ta Iso, Amma Ta Wane Aiki Ce?

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu guda kamar an haɗa baki. Mutum biyar suka rubuto, kuma dukansu da YARN suke fama, wato ɓangaren Hadoop (manhajar sarrafa bayanai masu yawa) da ke raba memori da furosesa tsakanin ayyukan da ke gudana a kan gungun kwamfutoci. Bari mu fara daidaita sunaye don kada mu riƙa tuntuɓe a hanya. Shirin da ke riƙe da dukiyar gungun gaba ɗaya, wanda takardun Hadoop suke kira ResourceManager, zan ce masa mai rabo. Shirin da kowane aiki yake tayarwa domin ya nemo masa wuri ya kuma kula da ƙananan ayyukansa, wato ApplicationMaster, zan ce masa madugu. Ita kuwa kwantena a nan izini ce kawai: an yarda ka yi amfani da memori kaza da furosesa kaza a kan na'ura kaza.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne, kuma wannan ne karon farko da nake rubuta madugu na kaina. Aikina kashi biyu ne: masu karanta fayil guda 6, kowanne yana buƙatar megabait 1500, da masu haɗa sakamako guda 2, kowanne megabait 2500. Na tura buƙatun duka takwas a lokaci ɗaya. Kwantenoni suna zuwa, amma ba wadda girmanta ya yi daidai da abin da na nema, sai 2048 ko 3072 nake gani. Wani lokaci ma sai a ba ni na rukuni ɗaya, ɗaya rukunin ya yi ta jira. Na duba jikin kwantenar ban ga inda aka rubuta buƙatar da ta zo amsawa ba. Yaya zan gane wacce ce ta wane?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba ganinka ne ya gaza ba. Abin da kake nema a jikin kwantenar babu shi, kuma da gangan aka ƙi sa shi.

Kai kana ɗauka cewa mai rabo yana da jerin buƙatunka takwas, ɗaya bayan ɗaya, yana soke kowacce idan ya biya ta. Ba haka yake ajiye su ba. Ƙidaya yake riƙewa. Kowane layi a littafinsa abu huɗu ne: lambar fifiko, wurin da ake so, girman da ake so, da guda nawa. Wurin kuma iri uku ne, ko sunan na'ura, ko sunan kantar da na'urar take, wato rack ɗin da aka jera ta tare da wasu, ko alamar tauraro mai nufin ko'ina. Ɗauki misalin aikin da zai karanta guntun fayil a HDFS, ma'ajiyar fayilolin Hadoop, inda a bisa tsarin asali ake ajiye kwafi 3 na kowane guntu a kan kanta biyu. Buƙatarsa guda ɗaya tak za ta zama layi shida: na'urori uku, kanta biyu, tauraro ɗaya. Idan wasu ayyuka ɗari suka nemi waɗannan na'urorin, ba a ƙara layi, lambar da ke gaban kowane layi ce take ƙaruwa. Daga nan buƙatarka ta narke cikin ƙidaya, ba wanda zai iya cewa kwantenar da ta fito ta aiki na uku ce ko ta na arba'in.

Akwai dalili. Tsohon tsarin Hadoop, mai JobTracker, shi kaɗai yake bin kowane ƙaramin aiki a gungu, kuma a Yahoo an ga yana sarewa idan na'urori suka kai wajen 4,000. Da aka zo gina YARN, wanda ya fito sosai a Hadoop 2.2 a watan Oktoba na 2013, sai aka rage wa mai rabo kaya: ya san adadi, madugu ya san suna. Kuma ni ina ganin shawarar ta yi kyau, domin ta ba madugu damar yanke hukunci a ƙarshe, bayan ya ga inda kwantenar ta faɗa. Madugun MapReduce, tsarin sarrafa bayanai da ya zo da Hadoop, haka yake yi. Kwantena ta zo a kan na'ura kaza, sai ya duba cikin ayyukan da ke jira wane ne bayanansa suke kan na'urar nan, ya ba shi. In babu, ya duba na kantar. In babu, ya ba kowa.

To me kwantenar take ɗauke da shi idan ta iso? Lambarta, na'urar da take kai, girmanta, lambar fifikonta, da tambarin izinin da za ka nuna wa na'urar kafin ta yarda ta tayar maka da aiki. A cikin waɗannan, lambar fifiko ce kaɗai take dawo maka yadda ka aika ta.

Girma ba ya dawowa yadda ka aika, kuma wannan shi ne 2048 da 3072 da kake gani. Akwai saitin da ake kira yarn.scheduler.minimum-allocation-mb, wanda asalinsa 1024 ne. Capacity Scheduler, ɗaya daga cikin tsare-tsaren rabon da mai rabo yake amfani da su, yana ɗaga kowace buƙata zuwa ninkin wannan lamba mafi kusa a sama. Ka nemi 1500, ya ba ka 2048. Ka nemi 2500, ya ba ka 3072. Fair Scheduler shi ma yana ɗagawa, sai dai da wani saitin daban yake auna matakin ɗagawar. Masu amfani da Spark, wata manhajar sarrafa bayanai da ke gudana a kan YARN, sun sha ganin wannan ba su san daga ina ya fito ba: mutum ya nemi gigabait 4, wato megabait 4096, Spark ya ɗora kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana, ya zama 4505, mai rabo ya ɗaga shi zuwa 5120. Ka lura da abin da wannan yake jawowa. Da a ce rukuninka na biyu 1800 yake nema maimakon 2500, da duka rukunonin biyu 2048 za su dawo, ba ta yadda girma zai bambanta maka su.

Laburaren AMRMClient, wanda madugu yake amfani da shi wajen magana da mai rabo, yana da hanya mai suna getMatchingRequests, wadda za ka ba ta fifiko da wuri da girma, ta dawo maka da buƙatun da suka dace. Sai dai ka san abin da "dacewa" take nufi a wurinta. In ba ta sami buƙatar da girmanta ya yi daidai cif ba, sai ta kawo duk waɗanda za su iya shiga. Kwantena mai 3072 za ta ɗauki mai 2500, za ta kuma ɗauki mai 1500. In ka yi sakaci ka zaunar da ƙaramin aiki a babbar kwantena, to wadda ta rage wa babban aikin ita ce mai 2048, kuma ba zai shiga ba. Ko ka tilasta shi ya shiga, na'urar za ta kashe shi da zarar ya wuce iyakar memorinsa.

Yanzu ga abin da ya sa rukuni ɗaya yake jira. Na tabbata duka takwas ɗin lambar fifiko ɗaya ka ba su. A wurin mai rabo, fifiko ɗaya da wuri ɗaya layi ɗaya ne, girma ɗaya yake iya riƙewa. Ka aika "tauraro, 1500, guda 6", ka bi shi da "tauraro, 2500, guda 2", na biyun ya hau kan na farkon ya share shi. Wannan tsohuwar matsala ce, tana cikin rajistar kurakuran Hadoop da lamba YARN-314.

Magani biyu ne. Na farko, wanda yake aiki a kowane zubi na YARN: kowane girma ka ba shi lambar fifikonsa. Misali, masu karatu lamba 1, masu haɗawa lamba 2. Idan kwantena ta iso, lambar fifikonta za ka fara dubawa, ita za ta gaya maka rukunin. MapReduce da kansa haka yake: aikin map (mai karatu) lamba 20, reduce (mai haɗawa) lamba 10, map ɗin da ya faɗi ake sake shi lamba 5. Ka ga ƙaramar lamba ita ce gaba. Spark ma, da ya zo da damar neman girma daban-daban cikin aiki guda a zubi na 3.1, lambar kowane tsarin girma ya mayar lambar fifiko. Abin lura shi ne fifiko ba lakabi ne kawai ba, mai rabo yana bin sa da gaske. Duk wanda ka ba ƙaramar lamba shi za a fara sallama, saboda haka ka yi tunanin wanda ya kamata ya fara tashi. A aikinka, masu haɗa sakamako ba su da abin yi sai masu karatu sun gama, don haka kada su riga su cin wuri.

Na biyu, in gungunku ya kai Hadoop 2.9 ko 3.0, waɗanda duka suka fito a ƙarshen 2017: an ƙara wani fili mai suna allocationRequestId. Ka sa wa buƙata lambar da ka ga dama, mai rabo ya ware mata layinta ko da fifikonsu ɗaya da wata, kuma kwantenar ta dawo da lambar a jikinta. Wannan shi ne ainihin abin da ka duba ba ka gani ba. Shawarata, lamba ɗaya ga kowane rukuni, ba ga kowane ƙaramin aiki ba, sai in akwai dalili mai ƙarfi. In ka ba ayyuka dubu lambobi dubu, ka mayar wa mai rabo da kayan da aka sauke masa, kuma ka ɗaure hannunka daga zaɓin da na ce madugu yana yi bayan ya ga inda kwantena ta faɗa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Kwantena 10 na nema, daga baya na ƙara neman 1, amma da na ƙirga sai na ga an ba ni 15. Mai kula da gungunmu ya ce madugun da na rubuta yana cinye wa mutane layi, wato kason gungun da aka ware wa ƙungiyarmu. Ni kuwa ban nemi fiye da 11 ba. Laifin YARN ne ko nawa?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Ruwa ba ya tsami banza, kuma lissafinka ma ya nuna inda tsamin ya fito. Rarar huɗu ce. Ina kyautata zaton a lokacin da ka ƙara neman ta goma sha ɗayan, kwantena huɗu ne suka riga suka iso hannunka.

Ga yadda abin yake. Madugu yana leƙa mai rabo a kai a kai, abin da masu fasahar suke kira bugun zuciya. A kowace leƙawa yana miƙa buƙatun da suka canja, ya karɓi kwantenonin da aka ware masa tun leƙawar baya. Abin da yake miƙawa jimla ce, ba ƙari ba. Ba "ƙara mini ɗaya" yake cewa ba, "yanzu bashin da nake bi guda kaza ne" yake cewa, mai rabo kuma ya goge lambar da ke littafinsa ya rubuta sabuwar. To littattafan biyu ne. Mai rabo yana rage nasa da kansa duk lokacin da ya ware kwantena. Amma littafin da AMRMClient yake riƙe maka ba ya raguwa sai kai ka kira removeContainerRequest. Ka nemi 10, an ba ka 4, littafin mai rabo ya koma 6, naka yana nan a 10. Ka ƙara 1, naka ya zama 11, aka aika 11. Mai rabo ya goge 6 ya rubuta 11, a inda ya kamata ya rubuta 7. Huɗu da goma sha ɗaya, ga 15 ɗinka.

Wannan ya taɓa faruwa da ni a wani wuri da na yi aiki, kuma ba zan manta daren ba. Madugun da na rubuta yana sake neman kwantena duk lokacin da ƙaramin aiki ya faɗi. A ranar wani faifai ya fara lalacewa a na'ura ɗaya, ayyuka suka riƙa faɗuwa a kanta ɗaya bayan ɗaya, kuma kowace faɗuwa tana sa a sake aika jimlar da ba ta taɓa raguwa ba. Wata abokiyar aikina ta kira ni ta ce aikinta ya fi rabin awa a tsaye, shafin mai rabo yana nuna an karɓe shi amma bai fara ba. Na buɗe shafin na ga layinmu a cike maƙil, kuma duka kwantenonin da sunan aikina suke. Na shiga na'urorin na duba, babu abin da ke gudana a yawancin kwantenonin. Memori a kulle, ba mai amfani da shi. Na ɗauki takarda da fensir na ja layi biyu, ɗaya na rubuta "nawa", ɗaya "nasa", na riƙa bin log ɗin leƙawa bayan leƙawa ina cike lambobi. Layin "nasa" yana sauka yana tsalle ya koma sama. Layin "nawa" bai taɓa sauka ba ko sau ɗaya. A nan na gane. Abin da ya fi damuna ba kuskuren ba ne, aikin mutane ne da ya tsaya saboda ni, ciki har da rahoton da ake jira da safe.

Saboda haka abu na farko: duk kwantenar da ka karɓa ka ba aiki, nan take ka cire buƙatar da ta biya. Kuma ainihin buƙatar da ka shigar za ka cire, ba wata sabuwa da ka ƙirƙira mai kama da ita ba, domin ita ce ta san layukan na'ura da na kanta da aka buɗe dominta.

Amma kada ka ɗauka shi ke nan. Ko ka yi komai daidai, rara za ta riƙa zuwa jefi-jefi, domin littattafan biyu ba a lokaci ɗaya ake rubuta su ba. Bi ni a hankali. Ka nemi 10. Leƙawa ta farko ka karɓi 4, ka cire 4, littafinka ya koma 6. Kafin ka sake leƙawa, mai rabo ya ware wasu 3, nasa ya koma 3. Leƙawa ta biyu ka aika 6, domin ba ka san da ukun nan ba tukuna. Ya goge 3 ya rubuta 6, ya miƙa maka ukun. Yanzu kana da 7, uku kawai suka rage maka, shi kuwa yana ganin shida kake bi. In gungun yana da sarari ya ware 5 kafin leƙawa ta uku, ka tashi da 12. Ba wanda ya yi laifi a nan. Saƙo ne ya yi saɓani a hanya.

Don haka dole madugu ya iya cewa "wannan ba ni da aikin da zan ba ta", ya mayar da ita ta releaseAssignedContainer. Madugun Spark haka yake yi: ya gwada haɗa kowace kwantena da buƙatar na'ura, sannan ta kanta, sannan ta ko'ina, duk wadda ta rage ba ta sami abokiya ba ya sake ta. In ba ka mayar ba, mai rabo zai jira minti 10, wato milisakan 600000 a saitin asali, kafin ya ƙwace kwantenar da aka bayar ba a tayar da komai a cikinta ba. Tsawon mintunan nan ana lissafa ta a kason layinku. Wannan ne ƙorafin mai kula da gungunku, kuma yana da gaskiya.

Wani ƙaramin tarko kuma: kwantenar da ka mayar za ta dawo maka a jerin waɗanda suka ƙare, da lambar fita -100. Kada madugunka ya ɗauke ta a matsayin aikin da ya faɗi ya sake neman madadinta, in ba haka ba ka shiga zagayen da ba ya ƙarewa. Ka ajiye lambobin waɗanda ka mayar a gefe, in sun dawo ka wuce su.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Na nemi kowace kwantena da ƙwayar furosesa 4, amma duk wadda ta zo 1 take nunawa, kuma saboda haka shirina ba ya gane ta a matsayin amsar buƙatata. An rage mini ne?

Amsa: Ina amsawa, 'yar'uwa. Ba a rage miki ba, ba a ma duba ba. Capacity Scheduler a saitinsa na asali yana amfani da DefaultResourceCalculator, wanda memori kaɗai yake aunawa, sai ya rubuta 1 a gurbin furosesa. Masu Spark sun ci karo da wannan tun tuni, kuma abin da suka yi shi ne wajen haɗawa su daina dogara da adadin furosesan da ya dawo, su yi amfani da wanda suka nema. Ke ma ki yi haka, ko ki koma haɗawa ta lambar fifiko kamar yadda na gaya wa ɗan'uwanmu na farko.

In kuwa da gaske kuna so a riƙa lissafa furosesa, sai mai kula da gungu ya sauya zuwa DominantResourceCalculator. Tushensa wani bincike ne da Ali Ghodsi da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley suka fitar a 2011: kowane aiki ana auna shi da abin da ya fi ci. A gungu mai gigabait 100 da ƙwaya 50, aikin da ya riƙe gigabait 10 da ƙwaya 10 ya ci kashi 10 na memori da kashi 20 na furosesa, don haka da kashi 20 za a auna shi. Ki sani dai lissafi daban, hanawa daban. Ko an rubuta 4, ba abin da zai hana aikin cin fiye da haka a kan na'ura sai an kunna cgroups, tsarin Linux da ke sa wa shiri iyakar abin da zai ci.

Tambaya: Malam, na gaji da wannan lissafin. In muka koma Kubernetes mun huta?

Amsa: Da wannan matsalar takamaimai, e, kun huta. A Kubernetes, wanda shi ma tsarin raba ayyuka ne a kan gungu, kowane pod, wato dunƙulen aikin da ake nema wa wuri, yana da sunansa da buƙatarsa a jikinsa tun kafin a nema masa wuri. Mai tsarawa ya tace na'urorin da za su iya ɗaukarsa, ya ba su maki, ya rubuta sunan wadda ta yi nasara a jikin pod ɗin. Ba a ba ka fili ka nemi wanda za ka zaunar, shi mai zaman aka kai. Amma abin da YARN ya ƙware a kai, wato layuka masu kaso da aron sarari tsakanin ƙungiyoyi, mai tsarawar Kubernetes na asali bai zo da shi ba, shi ya sa aka gina irin su Volcano da Apache YuniKorn da Kueue. In gungunku ƙungiyoyi da yawa ne suke rabawa, kuma bayananku a HDFS suke, ku auna wannan tukuna, kada a gudu ba a tsira ba. Gyaran madugu aikin 'yan kwanaki ne. Ƙaura ba haka ba ce.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Bayanaina suna kan wata na'ura, na sa sunanta a buƙatata, amma kullum a wata na'urar daban ake ba ni kwantena. Da na hana a sassauta, sai aka daina ba ni gaba ɗaya, aikin ya tsaya cak. Alhali ina ganin na'urar tana da sarari.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kashi na farko na tambayarka ba lallai ne matsala ba ce. Sunan na'ura a buƙata fata ne, ba sharaɗi ba, matuƙar relaxLocality, wato izinin sassauci, yana kunne, kuma a kunne yake zuwa. Mai rabo yana ɗan jinkirta maka ko na'urar da kake so za ta leƙo da sarari, in ba ta zo ba ya ba ka wata a kantar, in babu ya ba ka ko'ina. Dabarar jinkirin ta fito ne daga aikin Matei Zaharia da abokansa a 2010, wanda suka gwada da irin ayyukan gungun Facebook. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne ma'aunin jinkirin. A Capacity Scheduler saitin node-locality-delay asalinsa 40 ne, kuma ba daƙiƙa 40 ba ce, dama 40 ce da aka bari ta wuce. Kowace na'ura tana leƙa mai rabo sau ɗaya a daƙiƙa, kowace leƙawa kuma dama ce. A gungu mai na'ura 400, dama arba'in za ta iya ƙarewa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, tun na'urarka ba ta kai ga leƙowa ba. Ka tambayi mai kula da gungunku nawa aka sa, ku kwatanta da yawan na'urorinku. Ka kuma tambaye shi ko an gaya wa Hadoop wace na'ura ce a wace kanta. In ba a yi ba, duka a kanta ɗaya yake ganinsu, mai suna /default-rack, kuma "kusa" da "nesa" sun zama abu ɗaya.

Kashi na biyu shi ya fi ɗaukar hankalina. Ka hana sassauci, na'urar tana da sarari, amma shiru. Kalmar "kullum" da ka yi amfani da ita ma ta sa ni zargi, domin jinkiri gajere yakan sa a rasa wani lokaci a samu wani lokaci, ba a rasa kullum ba. Abin da na fi zato shi ne suna. Mai rabo harafi da harafi yake kwatanta sunan da ka rubuta da sunan da na'urar ta yi rajista da shi a wurinsa. In ta yi rajista da cikakken sunanta mai ɗigo-ɗigo, kai kuma ka rubuta gajeren, ko ka rubuta lambar adireshinta, ko ka haɗa da lambar ƙofa (port) a ƙarshe, to a wurinsa wata na'ura kake nema wadda babu ita. Ba zai ce maka ka yi kuskure ba. Da sassauci a kunne zai ba ka wata, da shi a kashe zai yi ta jiran wadda ba za ta taɓa leƙowa ba.

In sunan ya yi daidai, sai a duba ko layinku ya kai iyakar kasonsa, ko an sa wa na'urar lakabin da layinku ba shi da izinin shiga. Kuma in za ka haɗa buƙatu masu sassauci da marasa sassauci a aiki guda, ka raba musu lambar fifiko, domin AMRMClient ba ya yarda su zauna a lamba ɗaya, kuskure zai jefo maka. Amma ka fara da sunan. Buga yarn node -list, ka kwafo sunan na'urar yadda ya fito ban da lambar ƙofar da ke bayan ɗigo biyun, ka ajiye shi kusa da wanda ke cikin buƙatarka, ka karanta su harafi da harafi. In sun yi daidai kuma har yanzu shiru, ka aiko mini da layukan log na leƙawa uku na farko da saitin layinku, mu duba tare a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.